Jakar kayan tirayatilon: abinda nake dubawa kafin in saya

Duk wanda ya shiga harkar tirayatilon ba ya daɗewa zai gane wasan nan tarkace ne da shi ba kaɗan ba. Wasa uku ne a haɗe, iyo da keke da gudu, kowanne da nasa kayan, kuma dole ka kwaso su gaba ɗaya ka kai su wuri ɗaya da asuba. Ko gajeriyar gasa ce ta iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5, ko irin ta Olamfik mai kilomita 1.5 da 40 da 10, kayan da zaka ɗauka kusan duk ɗaya ne, rigar iyo ta roba, tabaran ruwa, hular iyo, hular kwano, takalmin keke, takalmin gudu, gorar ruwa, tawul, belt ɗin maƙala lambar gasa, tiyub na ko-ta-kwana da ɗan famfo. Toh duk wannan a ina zaka zuba su?

Ni dai abu na farko da nake dubawa a jaka, kafin kala, kafin sunan kamfani, kafin komai, shi ne wurin jiƙaƙƙen kaya. Mutane da yawa suna zaɓen jaka ne suna tunanin tafiya gasa, lokacin da komai a bushe yake a ninke tsaf, basa tunanin dawowa. Wallahi dawowar ita ce matsalar. Rigar robar nan ta niyofirin idan ta fito daga ruwa nauyi take yi tana ɗiga, ga yashi ko taɓo ya manne mata, ga rigar gasa ta sha zufa, ga safa, ga tawul sharkaf, in duk ka cusa su wuri ɗaya da waya da makullin mota da busassun kayan da zaka saka ka koma gida, ai an gama. Saboda haka jakar da ba ta da ɗaki na daban a ƙasa wanda ruwa baya ratsawa, ni bana ma tsayawa kallonta. Kuma ka buɗe ɗakin ka duba girmansa da idonka, don wasu suna rubuta cewa akwai amma in ka gwada saka cikakkiyar rigar roba mai dogon hannu sai ka matse ta da ƙarfi kafin zif ya rufu, kuma niyofirin baya son matsi, ninkin yana barin sawu, farce ma kaɗai yana iya yaga shi balle haƙoran zif.

Amma fa ɗakin da ruwa baya fita, iska ma bata shiga. In ka bar jiƙaƙƙen kaya a ciki ya kwana biyu, warin da funfuna zasu kama jakar kuma da wuya su fita. Shi yasa nafi son wadda za'a iya zaro ɗakin ko a juyo cikinsa waje a ɗauraye a shanya. Takalma kuma akasin haka suke so, aljihu mai raga wanda iska ke ratsawa.

Sai yadda jakar take buɗewa. Akwai masu baki ɗaya a sama, ka dinga zura hannu kana lalube, abinda kake nema kullum yana can ƙasa. Akwai kuma masu buɗewa gaba ɗaya kamar akwati ka ga komai a shimfiɗe. Ta biyun nake so, dalili kuwa wurin canji, wato inda ake ajiye kekuna da kaya ana sauya shiri daga iyo zuwa keke zuwa gudu, ana buɗe shi ne tun gari bai gama wayewa ba, mutum ga fargaba ga sanyi ga cunkoso, ba lokacin lalube bane. In cikin jakar kala mai haske ne ya fi, baƙin tabarau a cikin baƙar jaka da duhun asuba sai Allah. Ina jera kayana yadda gasar zata tafi, na iyo a wuri ɗaya, na keke a wuri ɗaya, na gudu a wuri ɗaya, in ɗaki ɗaya ya zama wayam nasan abinda na manta tun ina gida. Hular kwano kuma lallai ta samu mazauninta, ko a ciki ko a maƙale a waje da raga, don babu ita ba za'a barka ka hau keke ba, doka ce ma sai ka ɗaure ta kafin ka cire keken daga inda aka rataye shi.

Girma kuma, yawancin jakunkunan da kamfanoni irin su Zone3, Orca, Huub da TYR suke yi don wannan wasan suna wajen lita 35 zuwa 45, kuma gaskiya wannan ya isa. Babbar jaka tana sa mutum ya kwaso abinda baya buƙata, gashi filin da ake ba kowa a gefen kekensa ɗan ƙarami ne, wasu gasannin ma basa yarda a bar jaka a wurin canji sam, sai ka fito da kayanka ka kai jakar wurin ajiya. In kana tafiya gasa a jirgi ka duba ko zata shiga a matsayin jakar hannu, don in akwatinka ya makara gara takalmanka da hular kwanonka suna tare da kai.

Ta goyo zaka saya, ba ta rataye a kafaɗa ɗaya ba, wannan kam babu gardama. Daga inda ka ajiye mota zuwa wurin canji tura keke zakayi, wani lokaci ma hawa zakayi, hannu biyu kake buƙata. Ka cika ta da kaya ka goya ka gani, maɗaurin ƙirji yana nan? bayan yana da laushi ko ƙarfen ƙasan takalmin keke yana sukarka a baya?

Wani abu da ya kamata mai shirin doguwar gasa ya sani, a Ironman, mai iyo kilomita 3.8, keke 180, gudu 42.2, su suke baka nasu ledojin da zaka zuba kayan keke da na gudu ka miƙa tun kafin ranar gasa, don haka jakarka aikinta kawai kai kaya da dawo da su. Wato yawancin rayuwar jakar a atisaye zata ƙare, yau wurin iyo gobe keke jibi gudu, maganin kulorin da ake zubawa a ruwan wurin iyo da gishiri da rana duk suna cinta. Anan ne zif mai kauri da ɗinki mai ƙarfi da ƙasa mai tauri wanda zaka dire akan jiƙaƙƙen siminti ba fargaba suke nuna amfaninsu, zif ɗin musamman, don yawanci shi yake fara lalacewa, ka ja shi sau da yawa da hannu ɗaya ka ji ko yana sarƙewa a kwana kafin ka biya kuɗi.