Satin da na koma buga waya

Kalma ɗaya ce ta jawo abin. Na zauna na rubuta wa ƙanwata dogon saƙo a WhatsApp kan maganar karatunta, na goge na sake har sau uku don kada ta ɗauka faɗa nake yi. Alamar nan ta koma shuɗiya, can sai ga amsa: "To."

Duk mai jin Hausa ya san "to" ba ɗaya ba ce. Akwai ta amincewa, akwai wadda ake ja idan abu ya ɗaure wa mutum kai, akwai kuma ta "na ji, ƙyale ni". A rubuce kuwa duk haruffa biyu ne. Dama rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, shi ya sa fari na launi da fari na rashin ruwan sama suke fitowa iri ɗaya. Na kwana ina saƙa da warwara. Da safe na kira ta. Daga sallamarta na gane ba fushi ba ne: muryar ta dishe, kwana biyu ke nan tana fama da zazzaɓi, da ƙyar ma ta danna haruffan.

Nan na yi wa kaina doka ta sati ɗaya: duk maganar da ta wuce saƙo biyu, kira zan yi.

Matasan gidanmu ne suka fara ba ni wuya. Ɗan yayana ya bar wayar ta yi ta ƙara har ta katse, sannan ya turo: "Baffa lafiya?" A wurinsu kira ba ya zuwa sai da labarin rasuwa ko laifi. Ban ga laifinsu sosai ba. Tun 1992 aka aika saƙon tes na farko a Ingila, WhatsApp ya zo a 2009; su a ciki suka buɗe ido. Rubutu yana ba mutum damar gyara kansa kafin a gan shi, baki kuwa in ya furta ya furta.

Abin da ban zata ba shi ne ni ma na manta yadda ake hira. Da an ɗan yi shiru a waya sai in rikice, in hau neman hanyar sallama. Sai a rana ta huɗu na daure na bar shirun. Abokina ya ja numfashi, sannan ya faɗa min an sallame shi daga aiki tun watan jiya. Duk tsawon lokacin nan hoton fuska mai dariya yake turo min.

Na so in yi wayo da saƙon murya, amma wannan huɗuba ce, ba hira ba. Babu mai katse ka ya ce "tsaya, ban gane ba", kuma mai sauraro yana iya ninka saurinsa don ya rabu da kai da wuri.

Ban daina rubutu ba. Lokacin haɗuwa, lamba, kwatance, duk sun fi kyau a rubuce. Amma ban haƙuri, gyara kuskure da tambayar lafiyar mutum, waɗannan na mayar da su baki.

Jiya ƙanwata ta sake turo "To." Na kira. Ta ɗauka tana dariya: "Yaya, wallahi wannan karon ta gaske ce."