Ƙullin tabar da na kai wa dattijo a Winnipeg

Sai da na shekara biyu ina karatu a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada kafin na zauna da mutanen da nake taka ƙasarsu. Duk taron da za a buɗe a jami'a, wani zai tashi ya karanta cewa muna kan ƙasar Yarjejeniya ta Ɗaya, wadda ƙabilun Anishinabe da Cree, 'yan asalin ƙasar, suka ƙulla da masarautar Ingila a 1871. Na ji har na haddace, amma ban taɓa tambayar abin da aka yi musu alkawari da abin da aka karɓe musu ba.

Wata abokiyar karatuna, Anishinabe ce, ta gayyace ni zaman da suke yi ranar 30 ga Satumba, ranar da ake sa riga ruwan goro don tunawa da yaran 'yan asalin ƙasar da aka raba da iyayensu aka kwashe zuwa makarantun kwana. Na ce mata ina da tambayoyi ga dattijon da zai jagoranci zaman, kuma ina so in naɗi muryarsa a waya. Ta ce waya ta zauna a aljihu, kuma kada in kuskura in je masa hannu rabbana.

A wurinsu ba a neman ilimi ko addu'a wajen babba sai an miƙa masa taba. Idan ya karɓa, ya ɗauki nauyin abin da ka zo da shi. Idan ya ga ba huruminsa ba ne, ba zai karɓa ba. Ina ƙulla ganyen a ɗan jan ƙyalle sai mahaifina ya faɗo mini a rai, shi da ba ya zuwa gaban malaminsa sai da goro a aljihu. Daga nan abin ya daina yi mini baƙunta.

Mun zauna a da'ira, kimanin mu talatin. Dattijon ya kunna busasshen ganye a cikin wani faffaɗan ɓawon kodin teku, yana fifita hayaƙin da gashin mikiya. Ƙamshin ya yi mini kama da tazargade. Ana zagayawa da shi, kowa ya tara hannu ya shafa hayaƙin a ido, kunne, baki da ƙirji. Nan gabana ya faɗi. Ni Musulmi ne, wannan kuwa ibada ce a wurinsu, ba turaren ɗaki ba, kuma ba na so in kunyata wadda ta kawo ni. Da aka iso kaina na dafa ƙirji na ce miigwech, wato na gode, na ɗan ja baya. Mai riƙe da kaskon ya gyaɗa kai ya wuce. Babu wanda ya harare ni, daga baya ma dattijon ya ce mini ba a tilasta wa kowa.

Sai aka fara miƙa gashin mikiyar hannu zuwa hannu. Wanda ya riƙe shi kaɗai ke da bakin magana, ba a katse shi ko da zai yi shiru na minti biyar. Wata tsohuwa da suke kira kokum, wato kaka, ta daɗe tana juya shi a hannu kafin ta buɗe baki. Tana 'yar shekara shida aka ɗauke ta. Ranar farko aka datse mata kitso, aka ba ta lamba a madadin suna, kuma duk ranar da harshen uwarta ya kuɓuce mata sai ta sha duka. Da ta dawo gida, ita da mahaifiyarta sun kasa hira. Na yi ƙoƙarin ƙiyasta kaina gaban Innata babu Hausa a bakina, hawaye suka zubo mini.

Yara kusan 150,000 aka bi da su ta wannan hanya, gwamnati na biya, coci-coci na gudanarwa, kuma makarantar ƙarshe ba ta rufe ba sai a ƙarshen shekarun 1990. Dokar Indiyawa ta 1876, wato dokar da Kanada ta kafa a kan 'yan asalin ƙasar, ita ce ginshiƙin abin. A 1884 aka haramta bikin rabon kyauta na mutanen gaɓar yamma, a 1895 aka bi ta kan rawar rana ta mutanen filayen tsakiya, haramcin bai tashi ba sai 1951. Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008, Fafaroma Francis ya zo lardin Alberta ya yi haka a 2022. Mu da muke ba da labarin kakanninmu suna ɓoye yara a rumbu don gudun boko kamar abin dariya, ya kamata mu san cewa abin da suke tsoro ya faru da wasu a ƙarƙashin tuta ɗaya da ta mulke mu.

Bayan an tashi na durƙusa na miƙa ƙullina. Ya karɓa ya riƙe a hannun hagu. Tambayoyin da na rubuta duk na bar su, na yi guda: yaya al'adar ta tsira? Ya ce kakansa cikin daji yake shiga da dare, ganga da lofe a ɓoye ƙarƙashin bargo, yaro ɗaya a bakin hanya yana gadi.

A Nuwamba aka kira ni in taya su faskare don wutar da ake gasa duwatsun bukkar gumi, inda suke shiga addu'a cikin tururi, duwatsun da suke kira kakanni. Na je, na yi faskaren, ban shiga bukkar ba. Da magariba ta yi na shimfiɗa dardumata kan dusar ƙanƙara a bayan mota, mai kula da wutar kuma ya tsayar da yaran da ke guje-guje har na sallame.