Wasiƙa Daga Ingila: Alƙaluman Talaucin da Kuke Ta Tambayata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gaishe ku, da fatan kowa na lafiya. Sanyi ya shigo a nan, amma ba shi ya sa na zauna rubutu ba. Tun da aka ji karatuna ya shafi ƙididdigar talauci, saƙonni ba su yanke ba, daga ɗalibai masu rubuta kundin digiri, da 'yan jarida, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Tambayar ɗaya ce: ina ake samun alƙaluman da za a dogara da su, kuma talauci ƙaruwa yake ko raguwa? Bari in amsa muku gaba ɗaya, in taɓo maganar tallafin gwamnati da yadda ake neman bayanan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne hotunan da ake turo min a WhatsApp, lambobi biyu gefe da gefe, an zana kibiya tsakaninsu. Misali, binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya ce kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya matalauta ne, wajen mutum miliyan 83. A Nuwamban 2022 hukumar ta fitar da kashi 63, mutum miliyan 133. Sai a ce talauci ya yi tsalle cikin shekara uku. Wallahi ba haka lambobin suka ce ba. Na farko ya auna abin da gida ke kashewa, bai ma haɗa da jihar Borno ba. Na biyu ya duba rashi ta fuskoki da dama: ilimi, lafiya, ruwan sha, makamashin girki, aikin yi. Mudu biyu ne daban, ba a auna da wannan a kwatanta da wancan. Talaucin na iya ƙaruwa da gaske, amma waɗannan lambobi biyu ba su ne shaidar ba.

Ko Bankin Duniya ma layinsa na talauci, wato kuɗin da mai rayuwa ƙasa da shi ake ƙirga shi matalauci, ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 1990 dala 1 ce a rana, a 2008 ta koma 1.25, a 2015 ta zama 1.90, a 2022 aka kai ta 2.15, a Yunin 2025 kuma dala 3. Da aka yi gyaran ƙarshe, yawan masu matsanancin talauci a duniya na shekarar 2022 ya tashi daga miliyan 713 zuwa 838, alhali shekarar ta riga ta wuce. Kuma ba dalar canji ba ce, an daidaita ta ne da ƙarfin sayen kuɗin kowace ƙasa. Idan kun shiga rumbunsu na bayanan talauci mai suna PIP, ku zaɓi layi ɗaya ku bi shi duk shekarun.

Sai giɓin shekaru. In ka buɗe jadawalin wata ƙasa za ka tarar da gurabe a buɗe jere da juna, domin ba a fita gida gida an yi tambaya ba. Indiya, da duk yawan jama'arta, bayan binciken 2011 zuwa 2012 ta ƙi fitar da na 2017 zuwa 2018, sai na 2022 zuwa 2023 aka samu. Duk lambar da kuka gani a tsakani hasashe ne. Haka agogon ƙirga matalauta na intanet da ya sa aka yi ta cewa a 2018 Nijeriya ta zarce Indiya a yawan masu matsanancin talauci, lissafin kwamfuta ne aka ɗora kan tsofaffin bincike. Hatta yadda aka yi tambaya na sauya sakamako: wanda aka tambaya abin da ya saya cikin kwana 7 ya fi wanda aka tambaya na kwana 30 tunawa.

Abin da ya burge ni a nan shi ne duk shekara ma'aikatar ayyuka da fansho na fitar da rahoto, ma'aunin a bayyane: gidan da kuɗin shigarsa bai kai kashi 60 na matsakaicin ƙasa ba. Ana rigima kan ma'aunin, amma kowa ya san abin da ake rigima a kai. Ɗanyen bayanan dai sai ka cike fom, ka rubuta dalilinka, ka sa hannu ba za ka tona asirin kowa ba, sannan ka jira. Ɗalibai, ku nema da wuri, kada ku bari sai lokaci ya ƙure.

Kan tallafi, ku lura ko ma'aunin ya lissafa shi. A Amurka, ma'aunin da ke haɗa tallafi ya nuna talaucin yara kashi 5.2 a 2021, ya koma 12.4 a 2022 bayan ƙarin kuɗin da gwamnati ke bai wa iyaye saboda yara ya ƙare, abin da tsohon ma'auninsu bai nuna ba. Don kwatanta ƙasashe akwai rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan tallafi da ASPIRE, rumbun bayanan tallafi na Bankin Duniya. Maganar rajistar masu karɓar tallafi doguwa ce, sai wata wasiƙar in Allah ya kai mu. Wassalam.