Inda na kai da yankan miƙaƙƙen layi a zarton sikirol

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. A makon nan ƙaramin akwati nake haɗawa, irin wanda ake jera kwalaben turare a ciki, da ragowar filawud mai kaurin milimita 6 da na samo a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Shi kuwa akwati ba ya rufa wa mutum asiri: gefe ɗaya ya goce, sai ka hangi haske ta kusurwa.

Ga wanda bai saba da injin ba, ɗan tebur ne mai siririn ruwan zarto a tsakiya, tsawon ruwan inci 5, yana hawa yana sauka kamar allurar keken ɗinki. Don yanka furanni da haruffa da lanƙwashe-lanƙwashe aka ƙera shi, shi ya sa miƙaƙƙen layi yake ba shi wuya. Amma yana yiwuwa, in ka fahimci halin ruwan.

Yawancin ruwan zarto masu araha bugo haƙoransu ake yi daga jikin ƙarfe, sai gefe ɗaya ya fito da ɗan kaushi. Ka kashe injin ka shafa da yatsa a hankali, za ka ji bambancin. Wannan gefen ya fi cin katako, don haka ruwan yakan janye, galibi wajen dama. Wannan ne dalilin da ya sa in ka ɗaure wani katako a kan tebur don ya zama jagora, yadda kafintoci ke yi a babban zartonsu, aikin ba ya kyau. Katakon yana tafiya sak, ruwan kuma yana bin tasa hanyar, ƙarshe ya lanƙwashe ko ya tsinke.

Abin da ya yi mini aiki shi ne na bar shi da halinsa, na nemo inda ya karkata. Na ja layi da rula a kan guntun banza, na bi shi da ido har tsakiya, sannan na kashe injin ba tare da na motsa katakon ba. Da na duba, ashe katakon a ɗan karkace yake zaune a kan tebur, alhali yankan yana kan layi daidai. To wannan karkatar ita ce hanyar wannan ruwan. Na liƙa tef ɗin takarda a tebur a gefen katakon don in riƙa ganin ta, na kuma ja kujerata har layin ya fuskanci ƙirjina. Tun daga nan hannu ya daina kokawa. Sai dai ku sani, duk lokacin da aka sa sabon ruwa sai an sake gwajin, kuma ko tsohon ma yana ƙara janyewa in ya fara dakushewa.

Girman ruwa ma da ruwansa a ciki. Lamba 2 siriri ne, yana kewaya kwana da kyau amma yawo yake yi a dogon layi. A kan filawud ɗin nan lamba 5 nake sawa, mai 'yan haƙora a ƙasa da suke kallon sama, don kada bayan katakon ya tsattsage. Katako mai kauri kuwa lamba 7 ko 9 ya fi. Mai murɗaɗɗen jiki, wanda ke ci ta ko'ina, ku ajiye shi gefe, ba na wannan aikin ba ne. Akwai waɗanda wasa haƙoransu ake yi maimakon bugawa, sun fi tafiya a miƙe, amma da tsada.

Ɗaurin ruwa: in ka ɗana shi da farce ya kamata ya yi ƙara siririya, in kuma ka tura shi gefe kada ya wuce kamar milimita 3. Sako-sakon ruwa ba ya taɓa ba da layi.

Inda na fi daɗewa shi ne turi. Idan layi ya fara kuɓucewa, zuciya takan ce ka danna katakon gefe ka maido shi. Kada ka yi. Ruwan zai lanƙwashe a tsakiya, saman yankan ya dawo layi, ƙasan kuma ya fita a gicciye, sai wajen haɗawa ka gane. Juya katakon kaɗan-kaɗan ake yi, a dawo layi cikin tazara mai ɗan tsawo. Nakan ɗan sassauta yatsu jifa-jifa; in katakon ya zabura gefe da kansa, to ina danne ruwan ke nan ban sani ba. Ido kuma ya riƙa kallon ɗan gaban haƙora, ba kan haƙoran ba. A katakon gaske, irin su madaci, yankan da ya bi tsawon jijiya ya fi wahala, don ruwan yana son bin jijiyar. A nan sai a rage turi sosai.

Don gefuna biyu masu fuskantar juna su zo daidai, na haɗa su na naɗe da tef na yanka a tare. Kuma a wajen layin nake yanka, in bar kaurin fensir ɗin. Daga nan na manna sanfefa a kan fallen tayil mai santsi, in riƙa goga bakin katakon a kai har layin ya kusa ɓacewa. Ku sa takunkumi, ƙurar filawud da gam ɗin cikinta ba ta da daɗi a ƙirji.

Yanzu gefuna huɗu sun zauna, kusurwa uku sun haɗu tsaf, ta huɗu tana buƙatar ɗan guga. Saura murfi, shi kuma da madaci nake son yin sa. Wanda ya taɓa yanka madaci mai kaurin milimita 12 a irin wannan injin, ya gaya mini lambar ruwan da ya sa, da ko bakin ya ƙone masa.