Godiya ga mutanen Tawa bayan wasanmu

Assalamu alaikum. A madadin 'yan wasanmu, maza da mata, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci wasan kwaikwayon da muka yi a nan Tawa ranar 25 ga Nuwamba, ranar da ake buɗe kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata. Kun cika fili har tabarmi suka kasa, yara suka ɗare katanga.

Mun gode wa mai unguwa da ya ba mu fili, da malamin da ya buɗe taro da addu'a ya kuma zauna har aka tashi. Mun gode wa mai janareto, da iyayenmu mata da suka ara mana zannuwa da turmi.

Amma babbar godiyata ga waɗanda suka hau dandali ne. Wasanmu ba a kallonsa a tafi. In rikici ya kai maƙura sai mu tsaya, mu ce wa 'yan kallo wanda ke da mafita ya zo ya karɓi wurin ɗan wasa. Labarin yarinya ne da aka saya aka kai gidan mai mata huɗu a matsayin wahaya, ba sadaki, ba ɗaurin aure, sai daka da ɗibar ruwa da duka. Da muka tsaya, wuri ya yi tsit. Can sai wani dattijo ya miƙa wa jikansa sanda, ya hau ya zama maƙwabcin gidan. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi maigidan ya ce, "Malam, wace aya ce ta ba ka 'yar mutane?" Ɗan wasanmu, duk da bakinsa, ya rasa ta cewa. Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da muka kwana muna rubutawa bai kai wannan tambaya taka ba.

Wasu sun ce mun tono abin da ya wuce. Ina ya wuce? A yankin Ƙonni aka sayar da wata yarinya, Hadijatou Mani, a matsayin wahaya tana da shekara 12, kuma sai a 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (CEDEAO) ta ba ta gaskiya, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Dokar Nijar da ta mai da bautar da mutane laifi tun 2003 take, amma sai mutane sun ji ta da kunnensu, da Hausarsu.

Ga 'yan uwana mata da suka ja ni gefe bayan an watse, na gode da amanar da kuka ba ni, ba mai jin ta a bakina.

Za mu ci gaba da zagaya unguwanni har 10 ga Disamba. Muna neman motar ɗaukar kaya zuwa ƙauyuka, mai hali ya taimaka. Allah ya saka wa kowa da alheri.