Katin rigakafin korona

Yau ina kakkaɓe tsohuwar jakar aikina sai ga katin rigakafin korona ya faɗo, na 2021, har tawadar ta fara gogewa. Wallahi nan take na tuna wata babbar sista da muka yi aiki tare lokacin. Mu ma'aikatan lafiya aka fara yi wa allurar, ta kamfanin AstraZeneca, tunda mu ne kullum a kan marasa lafiya, kuma ita ce ma ke tsira wa mutane allurar tun safe, tana ta lallashinsu wai ciwon hannu da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya biyu ba komai ba ne, jiki ne ke koyon faɗa da cutar. Da layi ya ƙare na ɗauko sirinji na ce sista saura ke. Sai ta ja hannun rigarta ta rufe damtse, murya ƙasa-ƙasa ta ce "ƙanwata bari tukuna, shayarwa nake, kuma maganar daskarewar jinin nan ta AstraZeneca ta hana ni barci." Matar da ta shekara 15 tana riƙe allura fa!

Na so in ce mata ai ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ta fi ni sani, kuma ni ma kaina daren da zan karɓi tawa kwana na yi ina latsa waya. Bayan sati uku da ƙafarta ta zo ta miƙo min hannu, ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ina kallon katin nan yanzu, daɗi nake ji da ban matsa mata ba ranar.