Abin da Na Koya a Bakin Abu Ishirin

Na sauka a Wad Madani, babban birnin yankin Jazira a Sudan, cikin watan Janairu, ana tsakiyar tsinkar auduga, da jaka cike da takardun tambayoyi da na yi wata uku ina tsarawa. Binciken digiri na uku ne ya kai ni, 'yan shekaru kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023. Abin da na sa a gaba shi ne tarihin noman Jazira, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan da ke kudu da Kartum tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, da yadda noman ya sauya zaman Larabawan wurin da maƙwabtansu.

Kafin nan na yi makonni a gidan adana takardun tarihi na Kartum, na fito ina ganin na san Jazira ciki da bai. An kammala madatsar Sinnar a 1925 saboda Turawan Ingila na neman auduga mai dogon zare don masaƙun Lankasha. Kamfanin Sudan Plantations Syndicate ya riƙe ragamar aikin har 1950, manomi na samun kashi 40 cikin ɗari na ribar auduga, sauran kuma gwamnati da kamfani su raba. Da aka ƙara yankin Manaƙil, filin ya kai kimanin faddan miliyan biyu (faddan ɗaya kusan eka ɗaya ne). Duk wannan yana cikin littafina, kuma gaskiya ne.

Amma sai da na tsaya a bakin gona na ga abin da takarda ba ta nuna mini ba. Ba inji ke tura ruwan ba. Ƙasar ce ta ɗan gangara zuwa arewa, ruwa na bin ta da kansa daga babbar magudana zuwa ƙanana, har ya faɗa wadda suke kira Abu Ishirin, mai shayar da fili guda na faddan 90. Daga ita ƙaramar Abu Sitta ke ɗiba ta kai cikin hawasha, wato gonar mutum ɗaya. Ƙasar baƙar laka ce irin firgin Borno. Da rani takan tsage har hannu ya shige, in ta sha ruwa ta kumbura ta rufe bakinta, shi ya sa magudanan ke riƙe ruwa ba tare da siminti ba.

Tambaya ta farko a takardata ita ce sunan mai hawasha. Na bi masu hawasha gida-gida, suka karɓe ni hannu bibbiyu, da jabana, wato kofi, da kisra, siririyar gurasar dawa, suna ce mini ustaz. Tarihin kakanninsu kuwa suna zuba shi tiryan-tiryan. Sai dai da na zo kan wace rana aka yi shuka, sau nawa aka yi noma, buhu nawa aka tsinka, da yawansu sai su ce in tambayi wanda ke cikin gonar. Wani shago yake da shi a Madani, wani kuɗin ɗansa da ke Saudiyya ne ke riƙe da gidan.

Na bi shawararsu. Wata safiya ina tafe a kan gaɓar magudana, sai na ji wata mata cikin auduga ta ɗaga murya: "Kai, zo ka kama mini buhun nan!" Hausa tsantsa. Buhu ɗaure a ƙugunta, yatsunta duk sun tsattsage saboda busasshen ƙoƙon auduga. Ita ce ta nuna mini hanyar kambo, unguwar 'yan ƙwadago da ke gefen fili, waɗanda jam'insu ake ce wa kanabi. Mutanen Darfur ne da na Chadi da jikokin mutanen Yammacin Afirka. Daga magudana suke shan ruwa, tsargiya kuma ta zama ruwan dare a cikin yaransu. Da yawansu su ke noma hawashar kacokan a raba amfani biyu da mai ita, amma sunansu ba ya cikin littafin hukuma ko sau ɗaya.

A kambon nan na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Bayan gaisuwa, murnar jin harshena ta ɗebe ni, na ce wa wani dattijo, "Baba, daga wane gari kuke a Najeriya?" Ya daɗe yana kallon carbinsa kafin ya ce, "Ɗana, a nan aka haifi ubana." Hira ta mutu a nan. Daga baya na fahimci cewa ga mutumin da aka daɗe ana kira Fallata ko Takari, sunayen da ake kiran jikokin mutanen Yammacin Afirka da su a Sudan, ana ja masa rai kan takardar zama ɗan ƙasa, wannan tambaya ba ta zumunci ba ce, ta ofis ce. Ga shi kuma na zo da biro da takarda a hannu.

Na ajiye takardun. Na koma washegari ba komai a hannuna, na roƙe shi ya koya mini ba da ruwa. Muka shiga laka har gwiwa, ya nuna mini inda ake sare gaɓa da fartanya da yadda ake toshe ta kafin ruwa ya kwanta ya ruɓar da saiwa. A rana ta huɗu, ba tare da na tambaya ba, ya soma ba ni labarin kakansa da ya taso da ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare, ya tsaya yin ƙwadago don ya tara kuɗin ƙetare teku. Irin wannan labari na ji shi a bakuna da yawa. Wasu kuma zuriyar mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne, waɗanda bayan yaƙin Burmi a 1903 suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar.

Harshe ma ya ba ni aiki. Larabcin makaranta ya ishe ni karanta fayil, bai ishe ni gona ba. Na yi kwanaki ina rubuta burodi duk inda manomi ya ce esh, alhali dawa yake nufi, sai da na sake bin shafukan ɗaya bayan ɗaya. Mata kuwa ba su saki jiki ba sai da na samu wata ɗaliba 'yar yankin ta riƙa zama da su ita kaɗai. Daga wurinsu lissafin ladan tsinka da bashin shago ya fito dalla-dalla.

Ba na son a ɗauka masu hawasha azzalumai ne. Na zauna da wanda bashin shail, wato bashin da ɗan kasuwa ke bayarwa a biya shi da amfanin gona, ya ci amfaninsa tun yana tsaye a gona, na ga magudanan da laka da ciyawa suka cike har ruwa ba ya kaiwa ƙarshen fili. Dokar aikin noman Jazira ta 2005 ta ba su 'yancin shuka abin da suke so, amma kula da magudana ya taɓarɓare. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muka saba rubuta Jazira da ƙafa uku, gwamnati da kamfani da mai hawasha, mu bar wanda ke riƙe da fartanya a gefen shafi. Haka kuma ban yar da fayil ba, domin baki yakan haɗe shekaru, sai takarda ta warware su. Na sake tsarin kundin gaba ɗaya, babi biyu suka koma kan kanabi.

A Disamban 2023 dakarun RSF, rundunar da ta shiga yaƙi da sojojin Sudan, suka shiga Wad Madani, soja suka ƙwato ta a Janairun 2025, mutanen kanabi kuma suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Lambar dattijon ta daina shiga tun farkon rikicin. Na yi masa alkawarin kai masa labarin kakansa a rubuce, da Hausa da Larabci, don jikokinsa. Na gama na Hausar, yanzu ina kan na Larabcin, ina sauraron muryarsa da ƙarar ruwan Abu Sitta a bayanta.